Wasiƙa zuwa ga shugabannin hukumar ƙwallon ƙafa ta Ghana, GFA, da Ma'aikatar Wasanni: ina kuka ajiye zinarenmu biyu?

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban GFA kai da 'yan majalisarka, da mai girma ministan wasanni, ina gaisheku gaisuwar ƙarami ga manya, da fatan kuna lafiya ku da iyali.

Ni ba kowa bane, tela ne a Nima nan Ankara, Ankara tamu ta Ghana nake nufi ba ta Turkiyya ba, kafin 'yan uwanmu na Kano su fara tambaya. In la'asar tayi nakan rufe keke in rataya usur a wuya in gangara fili inda nake koya ma yaran kolts, wato ƙananan 'yan ƙwallon unguwa, ƙwallo, shekara goma sha kenan ina wannan aiki ba wanda ya taɓa biyana ko sidi ɗaya, kuma ba aiki nake nema a wajenku ba balle kujerar kwamiti, saboda haka ku karanta da zuciya ɗaya. Magana ce ta daɗe tana cina, na faɗeta a bes ɗin ataya har abokai sun gaji sunce Koci in ka isa ka rubuta musu mana, to gashi na rubuta.

Bari in tuna muku dare biyu, duk da nasan kuna wajen, ku a kujerun manya, mu kuma dare ɗaya a gaban talabijin, ɗaya a can sama inda iska ke kaɗawa.

Daren alhamis 21 ga Maris 2024, azumi ya kai wajen kwana goma, mun fito asham mun zauna gaban talabijin a bes. Fainal ne na ƙwallon mata a Wasannin Afirka da muka karɓi baƙunci, Black Princesses, matanmu 'yan ƙasa da 20, da Falconets na Najeriya a Cape Coast. Wlh da farko rabin mutanen bes cewa suke a canza tasha, wai wa zai ɓata darensa kan wasan mata, wani ma ya miƙe yace shi kwanciya zai je yayi saboda sahur. Najeriya suka fara ci, sai abokinmu Bakano mai canjin kuɗi ya tashi yana mana dariya yana cewa daman ku da mazanku da matanku duk ƙannenmu ne. Dariyar nan ita ta zaunar da mutane. Aka yi ta gumurzu har can wajen ƙarshe Tracey Twum ta farke, aka tafi ƙarin lokaci, Mukarama Abdulai 'yar Tamale ta zura na biyu, aka tashi 2-1. Mutumin nan da yace zai je ya kwanta shine ya ture butar ataya da ƙafa wajen tsalle, har yau in ya buɗe baki a bes sai an tuna masa.

Washegari juma'a na ɗebi yarana shida, maza huɗu mata biyu, muka hau trotro, motar haya, zuwa babban filin wasa na Ankara dake Osu da dabino da fiya wata a leda, a layin shiga fili muka sha ruwa. Filin nan da muka daɗe bamu ga ya cika ba ranar ya cika maƙil, fainal ɗin maza ne, Black Satellites 'yan ƙasa da 20 da Yuganda, kuma 'yan Yuganda ba kanwar lasa bane, minti casa'in na neman cika babu ci, mutane sun fara addu'ar kada a kai fenariti saboda kowa yasan tarihinmu da fenariti, sai ga Jerry Afriyie ya sakata a raga ana daf da tashi. Ban san sanda na rungumi wani dattijo da ban taɓa gani ba. Ku tuna fa halin da ake ciki a lokacin, wata biyu kacal da dawowar babban tim ɗinmu Black Stars daga kofin Afirka a Kwaddibuwa inda muna cin Mozambik biyu da nema aka shiga mintunan ƙari suka rama duka biyun aka koro mu, a watan Fabrairu mutane sun fito titi zanga-zanga a nan Ankara kan a ceto ƙwallon ƙasar, zuciyar kowa ta mutu. Yara 'yan ƙasa da shekara 20 ne, mata da maza, suka dawo da mutane fili cikin kwana biyu.

Kuma abinda suka yi ba a taɓa yi ba. Tun 2003 a Abuja da aka sa ƙwallon mata cikin Wasannin Afirka babu ƙasar da ta haɗa zinaren maza da na mata a gasa ɗaya, 2003 da 2007 Kamaru ta ɗauki na maza Najeriya na mata, 2011 a Maputo mu muka ɗauki na maza Kamaru ta doke matanmu a fainal, 2015 a Brazzaville matanmu suka rama akan Kamaru maza kuma Senegal, 2019 Burkina Faso da Najeriya, sai 2024 muka haɗa biyun a gida. Yabon gwani ya zama dole, kocin maza Desmond Ofei da kocin mata Yussif Basigi sun yi aiki, Basigi ma karo na biyu kenan don shine ya ciyo na 2015, kuma ku ma da kuka basu aikin kuna da naku ladan, bazan hana ku ba.

Tambayata guda ce. Bayan an gama hotuna an kai lambobin an nuna ma manya, me aka yi da yaran?

Dalilin da yasa nake tambaya, na ga 1992 da idona. Ina yaro a lokacin, a ɗakin maƙwabcinmu muke cunkushewa mu kalli Olamfik na Barcelona, babana Allah ya jiƙansa da rediyo manne a kunne wai shi bai yarda da talabijin ba. Black Meteors, tim ɗinmu na 'yan ƙasa da 23, ƙarƙashin koci Sam Arday suka kai kusa da ƙarshe, Sipaniya mai masaukin baƙi ta doke mu 2-0, muka juyo muka doke Ostireliya 1-0 muka ɗauki tagulla, Kwame Ayew shi kaɗai ƙwallo shida ya ci a gasar. Lambar farko kenan da wata ƙasar Afirka ta taɓa samu a ƙwallon Olamfik. To su waye suka ciyo ta? Nii Odartey Lamptey, Yaw Preko, Mohammed Gargo, Isaac Asare, Samuel Osei Kuffour wanda ko sha shida bai cika ba, duk yaran Starlets ne da suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a Italiya a 1991. Ba a watsar dasu ba, aka riƙe su aka haɗa su da waɗanda suka ɗan girme su, shekara ɗaya tak sai ga lamba. Ba tsafi bane ba sa'a bace, yara ne da suka san ƙafar juna, wannan in ya ɗaga kai yasan inda wancan zai ruga.

Haka ma 2004 a Atina, wanda shine zuwanmu na ƙarshe. Mun yi 2-2 da Italiya, mun doke Paraguay, Japan ta doke mu aka fidda mu tun a rukuni, mutane suka ce an je an ɓata kuɗi. Amma ku duba sunayen, Stephen Appiah, Asamoah Gyan, John Mensah, John Paintsil, Emmanuel Pappoe, Razak Pimpong, bayan shekara biyu sune suka je Jamus suka buga mana kofin duniya na farko. Wato Olamfik makaranta ce, wanda ya raina ta yana raina inda ake dafa Black Stars ne.

Daga nan shiru. Beijing, Landan, Rio, Tokyo, Faris, sau biyar a jere muna gida muna kallon wasu. Mu muka buɗe ƙofa muka tsaya a waje, Najeriya ta shiga ta ɗauki zinare a Atlanta 1996 bayan ta doke Barazil da Ajantina, Kamaru ta ɗauka a Sydney 2000, Najeriya ta ƙara da azurfa 2008 da tagulla 2016, Maroko ta yi ma Masar shida ba ko ɗaya ta ɗauki tagulla a Faris 2024. Mu kuma a 2019 a Masar, a kofin Afirka na 'yan ƙasa da 23 inda ake raba tikitin Olamfik, saura taku ɗaya, Kwaddibuwa ta fidda mu da fenariti a kusa da ƙarshe, wasan neman na uku wanda shine tikiti na ƙarshe Afirka ta Kudu ta sake fidda mu da fenariti. 2023 a Maroko ma ba a magana, mun ci Kongo da ƙyar, masu gida suka mana 5-1, muka yi kunnen doki da Gini muka tattaro kaya. Duk lokacin sai a ɗora ma koci laifi a sallame shi, alhali kowa yasan yadda ake haɗa Meteors, saura 'yan makonni a fara kiran waya, wannan kulob ɗinsa ya hana, wancan ya iso ana gobe wasa, yara su haɗu a filin jirgi suna tambayar juna suna. Ba a fafe gora ranar tafiya ranku ya daɗe.

Yanzu ga lissafin da yake hanani barci. Olamfik mai zuwa a Los Angeles ne 2028, kuma an juya tsarin, maza da suke ƙasa 16 an rage su zuwa 12, mata da suke 12 an ɗaga su zuwa 16, karo na farko kenan da gasar mata zata fi ta maza yawa. Na maza 'yan ƙasa da 23 ne da damar ƙara manya uku, wato yaron da aka haifa daga 2005 zuwa sama shine ɗan gasar. Ku ɗauko takardar Satellites ta Maris 2024 ku duba shekarun haihuwa, waɗanda suka faɗa cikin wannan lissafi sune Meteors ɗinku, ba sai kun je nema ba, sun riga sun ci zinare tare a gaban dubban mutane cikin matsi, wanda ba a sayen irin wannan a kasuwa. Jerry Afriyie kafin shekarar ta fita ya sa rigar Black Stars har ya ci Nijar ƙwallo, Abdul Aziz Issah ya bar kulob ɗin Dreams na nan gida ya je ƙaramar ƙungiyar Barcelona aro, to sauran fa? Wa yake riƙe da lambar wayarsu, wa yasan wanda ya ji rauni, wa yasan wanda wani ejan ya kwasa ya kai wata ƙasa ya ajiye a benci? Sau nawa aka sake tara su suka buga ko wasan sada zumunci da sunan shirin Olamfik?

Kuma kun fini sanin cewa ƙwallon maza na Olamfik baya cikin kalandar FIFA, kulob ɗin Turai in ya ga dama ya hana ɗan wasa babu abinda zaku iya yi masa. Maganin wannan biyu ne, a fara zumunci da kulob ɗin tun yanzu ba sai ranar buƙata ba, sannan a gina ƙashin bayan tim ɗin da yaran gida da ake iya tarawa a sansanin GFA na Prampram duk bayan 'yan watanni, na waje su zo su tarar da gini a tsaye. Tunda kujerun maza sun ragu wanda ya yi shirin sati biyu ma kada ya wahalar da kansa sayen tikitin jirgi.

Amma gaskiya ba maganar maza ce ta sa na ɗauki biro ba, maza suna da masu yi musu kuka a kowane gidan rediyo safe da yamma. Maganar mata ce.

Tun 1996 aka fara ƙwallon mata a Olamfik, yau Black Queens, babban tim ɗinmu na mata, ko sau ɗaya basu taɓa zuwa ba. Ƙasar da ta je kofin duniya sau uku, 1999 da 2003 da 2007, ƙasar da ta fidda Alberta Sackey da Adjoa Bayor suka zama gwanayen Afirka a 2002 da 2003. Najeriya ta je sau huɗu, Afirka ta Kudu sau biyu, Kamaru ta je, Zambiya ta je Tokyo ta je Faris, kai har Zimbabwe ta je Rio 2016 muna zaune. Na Fabrairun 2024 yafi min ciwo, Zambiya ta zo nan Ankara ta ci mu 1-0, muka bi su Ndola yaran nan suka zuba uku, ana shirin ƙarin lokaci Barbra Banda ta buga firikik a mintin ƙarshe aka tashi 3-3, ƙwallo ɗaya ta raba mu da zagaye na gaba. Wata ɗaya bayan nan ƙannensu suka ci zinare a Cape Coast, a Yulin 2025 kuma Queens suka ɗauko tagulla a kofin Afirka a Maroko bayan sun doke Afirka ta Kudu da fenariti. To me ya rage? Gasar mata a Olamfik babu iyakar shekaru, tana kuma cikin kalanda, kulob dole ya saki 'yar wasa, wato duk uzurin da kuke kawowa a ɓangaren maza nan babu shi. In akwai hanyar da ƙwallon Ghana zata fi saurin komawa Olamfik to ta wajen mata ce, amma har yanzu in ana rabo su ake ba ƙanzo.

Bance ku kaɗai kuka fara ba, abin ya daɗe. Waɗanda suka ci zinare a 2015 sai da suka zauna a otal suka ƙi tafiya gida kafin a saurare su kan alawus ɗinsu, duk ƙasar nan ta ji. Princesses sun je kofin duniya na 'yan ƙasa da 20 sau bakwai a jere daga 2010 zuwa 2024, basu taɓa wuce rukuni ba, har da waɗannan na zinaren da suka je Kolombiya bayan wata shida. Mutum zai ce ai iyakarsu kenan. Ni kuma nace yarinyar da take buga lig a filin sakora da rana tsaka, ba albashin kirki, in ta ji rauni iyayenta ne zasu nemo kuɗin asibiti, sai a tara su sati kaɗan a ce su je su kara da Japan, in ta ci wasa ɗaya ma ta yi ƙoƙari. Duk da haka kulob ɗin Hasaacas Ladies suka kai fainal a gasar zakarun Afirka ta mata ta farko a 2021, Black Maidens suka ɗauko tagulla a kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 tun 2012, Mukarama ta zama wadda tafi kowa cin ƙwallo a na 2018 a Yurugwai da guda bakwai. Da ɗan abinda ake basu suke kawo wannan, ku auna in an basu rabin abinda ake kashewa a tafiya ɗaya ta Black Stars.

Yanzu bari in sauko inda nafi sani, wato Zango, don zinaren nan ba daga sama yake faɗowa ba. Duk duniya tasan Mohammed Kudus ɗan Nima ne, a filin ƙura ya fara da kulob ɗin Strong Tower kafin makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi, yau ko wane yaro a unguwar nan in ka tambaye shi Kudus yake so ya zama, kuma uwarsa zata saya masa but ko da bashi ne. Yarinya fa? Cikin yaran da nake koyarwa mata basu taɓa wuce takwas ba, kuma duk wadda ta kai sha uku sha huɗu sai in neme ta in rasa. Akwai wata da nake da ita, 'yar hagu ce, wlh a shekaru goma sha da nayi ban ga yaro namiji mai kwanciyar hankali da ƙwallo kamarta ba, tana cikin biyun da na kai Osu ranar fainal, a hanyar dawowa cikin trotro tace min Koci ni ma wata rana sai an kira sunana a lasifika. Bayan sallah babanta ya aiko a kirani. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo min koko da ƙosai, sannan yace Malam Koci na gode da ɗawainiya amma yarinya ta girma, gajeren wando a gaban maza ba tarbiyyarmu bace, kuma in ta karye wa zai biya, in ta kai ashirin bata da sana'a bata da takarda wa zai ɗauki nauyinta. Nace Baba ai yanzu an yarda a sa ɗankwali da dogon wando, tun 2014 dokar ƙwallo ta halatta rufe kai, 'yar Maroko Nouhaila Benzina da hijabinta ta buga kofin duniya a 2023, na ciro waya na nuna masa hoto. Ya duba ya jinjina kai yace to wannan ka amsa guda, saura biyu. Ban da amsa. Yanzu tana taya Mmanta sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da safe, in na wuce sai ta sunkuyar da kai.

Kada wani ya karanta wannan yace iyayen Zango ne matsala. Dattijon nan tambayoyi uku yayi kuma duk masu hankali ne, biyun da suka rage naku ne ba nawa ba, inshorar rauni da makaranta. Ranar da zan iya shiga gida in ce Baba ga takarda daga hukuma, 'yarka in ta ji ciwo ga wanda zai biya, ga mace koci da zata riƙa kula dasu, ga gurbin sakandare in ta yi ƙoƙari, ranar zan cika fili da mata. Ku zo ku zauna da limamai da sarakunan Zango da magajiyoyi, ba taron otal da ake raba ruwan roba a ɗauki hoto ba, zama na tabarma. Mutanenmu in aka zo musu ta ƙofa basu da wuyar sha'ani. Ga gasar Ramadan Cup da ake yi da sunan Babban Limami Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, duk shekara tana tara Zangunan ƙasar nan wuri ɗaya, ga galar sallah a kowace unguwa, me zai hana ku nemi masu shiryawa ku ce ga jesi mai dogon hannu ga ƙwallaye ga alƙalan wasa mata, a sa wasan 'yan mata guda kafin fainal? Iyaye su gani da idonsu cewa ba tsiraici ake ba. Gani ya kori ji.

Sai maganar fili. An gina filayen roba a unguwanni, mun gode Allah, amma wani fili da nake zuwa wanda bazan kira suna ba, in kana son yamma sai ka biya, kuma manyan bes masu kuɗi sun kama duk lokutan sanyi, da na roƙa ma 'yan matana sai aka ce in kawo su ƙarfe ɗaya na rana. Duk wanda ya taɓa taka roba da ƙarfe ɗaya a Ankara yasan ko ƙwai ka fasa zai soyu, ga shi lokacin yara suna makaranta, asabar da lahadi kuma suna makarantar allo har azahar. Abu ne da takarda ɗaya zata gyara, duk filin da aka gina da kuɗin gwamnati a ware ma kolts da 'yan mata yamma biyu a sati kyauta, a manna a ƙofa kowa ya gani.

In ɓera da sata daddawa ma da wari, mu kocin kolts muna da namu. Yanke shekaru a hannunmu yake farawa, yaro ɗan sha bakwai a rubuta sha huɗu don a ci kofin unguwa, ni kaina a farkon fara aikin nan na taɓa rufe ido akan irin wannan, Allah ya yafe min. Ƙarshensa kun gani, 2022 hukumar ƙwallon Afirka CAF ta dakatar da Black Maidens daga share fage har karo biyu kan maganar shekaru, yaran da basu ji ba basu gani ba suka rasa damarsu, kuma waɗannan sune ya kamata yau suna hawowa Princesses. Gasar Wasannin Afirka da ta Olamfik ta maza duk akan shekaru suke tsaye, in tushen ƙarya ne ko an ci lambar ɗan wasan baya daɗewa, yana ashirin da uku a takarda gwiwarsa tana talatin. Ku sa rajistar kolts ta koma kan takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa Ghana Card tun yaro yana ɗan goma, a shigar a kwamfuta yadda ba mai iya gogewa, wanda aka kama cikinmu a kore shi, ni na yarda ko ni ne.

A 2027 Masar zata karɓi Wasannin Afirka, mu ne masu riƙe da zinare biyun, can ba Osu bane ba Cape Coast bane, babu jama'ar gida da zata tura ƙwallo raga da ihu. Shekara ɗaya bayan nan Los Angeles. Abinda nake roƙo bashi da tsada. Ku fito ku faɗa mana sunan kowane yaro da yarinya da suka ci zinaren 2024 da inda yake yau, a shafinku na intanet kowa ya karanta. Ku naɗa ma Meteors koci mai zaman dindindin ba na wata biyu ba. Duk lokacin da FIFA ta ware ma wasannin ƙasashe na mata Queens su buga wasa, kuma a kawo wasu nan Ankara da Kumasi da Tamale a buɗe ƙofa kyauta ma 'yan makaranta, don Cape Coast tafiyar awa uku ce, yarana mata a talabijin suka ga Mukarama. Alawus ɗin lamba kuma ya zama ɗaya, zinaren alhamis da na juma'a nauyinsu ɗaya na gani a wuyan yara, kuma a biya kafin a bar sansani ba sai an yi kuka a rediyo ba.

Mu muna fili kowace asabar bayan la'asar, ba sai kun aiko da sanarwa ba, in kun shigo Nima ku tambayi inda yaran kolts suke tirenin ko wane yaro zai nuna muku. Ku zo da takalmin da baku jin tausayinsa saboda ƙura. In kun zo zan raka ku gidan dattijon nan, ku amsa masa tambayoyinsa biyu da bakinku, yarinyar bata wuce sha shida ba har yanzu.

Na gode, Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
wani kocin kolts a Nima, Ankara